Littafin Bitar Darasi Ya Koma Cika Umarni, Yaya Zan Yi da Malamaina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni shugabar makarantar firamare ce ta gwamnati, ina da malamai goma sha huɗu, ban da ɗaliban kwaleji da ake turo mana TP, wato gwajin koyarwa, kowace shekara. Bayan wani taron bita da muka halarta, aka umarce mu kowane malami ya buɗe littafi na musamman, in ya fito daga aji ya rubuta bitar darasin da ya koyar. Zango biyu ke nan muna yi. Amma duk littafin da na buɗe abu ɗaya nake tararwa: "Darasi ya tafi daidai, yara sun fahimta." Wasu ma sai ranar Juma'a suke zama su cike na mako guda. Don Allah abin nan yana da wani amfani, ko ɓarnar takarda ce? In yana da amfani, yaya ake yin sa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah Ya ƙara miki ƙwarin gwiwa. Abin yana da amfani, amfani mai yawa kuwa, sai dai a yadda aka miƙo muku shi ko shekara goma za ku yi kuna cika littafi ba za ki ga canji a aji ba. A kwalejin da nake koyarwa ma wannan jimlar ce ke cike da littattafan ɗalibanmu idan muka fita duba su a TP, don haka kada ki ɗauka malamanki ne kaɗai.

Abu biyu ne suka haɗu suka haifi jimlar nan. Malami ya san wadda za ta karanta littafin ita ce mai rubuta rahoto a kansa, ita ce mai sa hannu a takardar ƙarin girmansa, to wane ne zai rubuta da hannunsa cewa ya yi minti talatin da biyar yana magana babu wanda ya gane? Sannan kuma an tambaye shi ra'ayinsa ne a kan darasin, ba a ce ya kawo hujja ba. Kuma in kin tambaye shi tsakaninsa da Allah, bai yi ƙarya ba. A ganinsa darasi ya tafi daidai: ya shiga kan lokaci, ya rubuta a allo, ya yi bayani, ya ce "Kun gane?", aji ya ɗauka gaba ɗaya "Mun gane, Malam!" Daga inda yake tsaye babu abin da ya lalace.

John Dewey, masanin ilimi Ba'amurke da ake jingina asalin wannan tunani gare shi, ya yi rubutu a kai tun 1910, ya sake faɗaɗa shi a 1933. Bayaninsa shi ne nazari na gaske ba ya tasowa haka kawai. Sai wani abu ya ɗaure wa mutum kai, ya tsaya ya tantance mene ne matsalar, ya yi hasashen dalilinta, sannan ya gwada hasashen ya ga ko ya tabbata. Kin ga ke nan malamin da babu abin da ya ɗaure masa kai a darasinsa ba shi da abin yi wa bita, ko littafi nawa aka saya masa. Aikinki na farko shi ne ki kai shi inda zai ga abin da zai ɗaure masa kai, kuma wurin nan ba shi da nisa, littattafan yaransa ne.

Bari in ba ki misali da abin da na gani a wani aji uku. Malama ta koyar da ɗebewa mai aro, ta ba da aikin aji, a ciki akwai 52 a ɗebe 27. Ta riga ta rubuta a littafinta cewa yara sun fahimta. Na roƙe ta ta karɓo littattafai goma, wasu daga bencin gaba, wasu daga tsakiya, wasu daga can baya wajen taga, muka zauna muka baje su a tebur. Kaɗan ne suka sami 25. Mafi yawa 35 suka rubuta. Abin da ta fara cewa shi ne yaran nan ba sa mai da hankali. Na ce, Malama, rashin mai da hankali amsoshi barkatai yake haifarwa, wannan ya rubuta 19, wancan 40. Amma yara da yawa, waɗanda ba benci ɗaya suke ba, su haɗu a kan 35, akwai ƙa'idar da suke bi. Ta yi shiru tana kallon takardar, can sai ta ɗora yatsa ta ce: bakwai suka ɗebe wa biyu suka sami biyar, biyar suka ɗebe wa biyu suka sami uku. A kowane layi ƙaramin suke cirewa daga babban, ko yana sama ko yana ƙasa. Sai kuma ta tuna cewa tun suna aji ɗaya ake nanata musu ba a cire babba daga ƙarami. Yaran sun riƙe abin da aka faɗa musu ne ƙam, suka yi aiki da shi inda bai dace ba.

Washegari ta shigo da tsinken tsintsiya, ɗauri biyar na goma-goma da roba, da guda biyu a sake. Ta kira yarinya ta ce ta ba ta bakwai daga waɗanda suke a sake. Yarinya ta duba, biyu ne kawai, ta tsaya. Wani daga baya ya ce a kwance ɗauri ɗaya. Aka kwance, na sake suka zama goma sha biyu, ɗauri ya koma huɗu. Abin da ake kira aro ke nan, sun gan shi da idonsu. Kafin a tashi ta ba su 61 a ɗebe 38, da sanin cewa duk wanda ya rubuta 37 yana nan a kan tsohuwar ƙa'ida, wanda ya rubuta 23 ya ƙetare. Ta ƙirga, ta ware sunayen waɗanda suka rage. Wannan duka, daga karɓar littattafai har zuwa ƙirgen nan na biyu, shi ne bitar darasi. Rubutun da za a yi a littafi ajiyar abin ne kawai don kada a manta.

Mu kuwa ba baƙi ba ne ga wannan hanya. A makarantar allo ba a wanke wa yaro allo don jama'a sun yi karatu da ƙarfi. Sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai, malam ya ji inda harshensa ya karkace, sannan a yi masa ƙari. Makarantar boko ce da ta cika ta tumbatsa muka koma dogaro da amsar taro. Ki gwada a aji ɗaya: yara suna rera ba, be, bi, bo, bu kamar ruwa, ki rubuta "bo" ita kaɗai a gefen allo, ki kira yaro ɗaya. Ko ki rubuta "ƙafa" da "kafa" ki ce ya nuna miki wadda ake tafiya da ita. Abin da za ki gani ya isa ya ba malamin ajin abin rubutawa na wata guda.

Akwai dalilin da ya sa malami, ko mai ƙwazo ne, yake buƙatar a nuna masa irin wannan. A 1975 wani masanin zamantakewa, Dan Lortie, ya yi lissafin cewa kafin yaro a Amurka ya gama sakandare ya shafe kimanin awa 13,000 yana kallon malamai suna koyarwa. Babu wata sana'a da mutum ke shigarta da irin wannan dogon kallo. Sai dai daga benci ya yi kallon, ya ga abin da malami ke yi, bai ga dalilin da ya sa yake yi ba, bai kuma san ko ya yi aiki a kan sauran yaran ba. Shi ya sa ɗalibin NCE, wato mai neman takardar shaidar malanta, zai ci jarrabawar dabarun koyarwa da maki mai kyau, ranar da ya tsaya gaban yara tamanin ya rikice, sai ya koma yin daidai abin da malaminsa na aji huɗu yake yi: a cika allo, a maimaita, a kwafa. Shekara uku a kwaleji ba sa goge shekara goma sha biyu na kallo. Abin da ke girgiza tsohuwar ɗabi'ar shi ne mutum ya ga sakamakonta a rubuce da hannun yaransa.

Donald Schön, wanda littafinsa na 1983 ya sa wannan magana ta bazu a kwalejojin horar da malamai na duniya, bai fara da malaman makaranta ba ma. Ya zauna ne da masu zanen gine-gine da injiniyoyi da masu tsara birane da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, yana lura da yadda gwani ke tunani idan aiki ya zo masa da abin da babu shi a littafi. Ya raba bita gida biyu: wadda ake yi ana tsakiyar aiki, da wadda ake yi bayan an gama. Kamar mai girki ce, akwai ɗanɗana miya tana kan wuta a ƙara gishiri nan take, akwai kuma duba kwanuka bayan an ci a ga abin da aka rage. Littafin da aka ce ku buɗe na gida na biyu ne. Amma amfaninsa na gaskiya shi ne ya kaifafa gida na farko, ta yadda a darasi na gaba malamar nan tana zagayawa cikin aji, da ta hango 35 a littafin yaro za ta tsayar da kowa tun kafin kuskuren ya zauna.

Ga wani abu ƙarami da za ki iya sa malamanki su lura da shi a kansu tun gobe. Mary Budd Rowe, mai bincike kan koyar da kimiyya a Amurka, ta naɗi darussa masu yawa a farkon shekarun 1970 ta auna tsawon shirun da malami ke yi bayan ya yi tambaya. Ta tarar kimanin sakan ɗaya ne, daga nan sai ya maimaita tambayar, ko ya kira wani, ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai su jira sakan uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa ɗaga hannu suka fara ɗagawa. A ajinmu inda yaro ke jin tambaya da Turanci, ya juya ta Hausa a ransa, ya nemo amsa, ya sake juya ta, sakan ɗaya zalunci ne. Kuma babu malamin da ya san yana yin haka sai wani ya zauna a bayan aji ya ƙirga masa.

Game da abin da za a rubuta, a taron bita da yawa ana raba zanen masanin ilimi Graham Gibbs na 1988 mai matakai shida, daga bayanin abin da ya faru, zuwa yadda mutum ya ji a ransa, har zuwa shirin abin da zai yi gaba. Zanen ba shi da laifi, amma ga malamin da ke da darasi shida a rana da yara cike da aji ya yi tsawo, kuma na lura tawada takan ƙare a matakin "na ji daɗi" ba a kai ga shirin gyara ba. Shawarata ki soke rubutun kullum. Darasi ɗaya a mako ya isa, rabin shafi. Malami ya rubuta abin da ya so yara su iya yi da kansu a ƙarshen darasin, da kalmar da za a iya gwadawa, kamar su ɗebe adadi mai lamba biyu daga adadi mai lamba biyu da aro, ba "su fahimci ɗebewa" ba. Ya kwafo ainihin amsoshin yara uku ko huɗu, har da kurakuran yadda suke. Ya faɗi abin da yake zargin ya jawo su. Ya faɗi abu ɗaya tak da zai canza, da ranar da zai gwada. Mako mai zuwa, kafin ya buɗe sabon shafi, ya koma ƙasan wancan ya rubuta abin da ya faru da ya gwada. Wannan layin na ƙarshe shi ne wanda za ki fi sa wa ido, domin shi ake tsallakewa.

Ki kuma ba su dama su rubuta da Hausa. Malami da yawa yana da tunani mai zurfi a kan yaransa, amma in aka ce sai da Turanci, tsoron kuskuren nahawu a gaban shugaba zai mayar da shi ga jimlar da ya haddace wadda ya tabbatar babu kuskure a cikinta.

Yanzu ga maganar da na fi so ki riƙe. Mutum shi kaɗai da littafinsa ba ya nisa, domin idon da ya koyar da darasin shi ne dai idon da zai yi masa bita, abin da ya ɓuya masa a aji zai ɓuya masa a tebur. Bruce Joyce da Beverly Showers, masu bincike kan horar da malamai, sun nuna a shekarun 1980 cewa dabarar da aka koya wa malamai a ɗakin taro, ko an yi musu gwajinta a gabansu, kaɗan ce ke isa aji, sai in akwai abokin aiki da ke shiga yana gani ana tattaunawa. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya shaida haka: a yi kwana biyar a otal, a karɓi takardar shaida da alawus, ranar Litinin a koma yadda ake.

Japan ce ta fi kowa shahara a wannan fanni. Tun ƙarni na 19 malamansu ke da al'adar nazarin darasi tare: su zaɓi maudu'i ɗaya mai ba yara wahala, su shirya darasin tare, su yi hasashen amsoshin da yara za su bayar, ɗaya ya koyar sauran suna tsaye a gefe suna rubuta abin da yara ke yi, sannan a zauna a tattauna. Duniya ta farga da abin sosai bayan nazarin bidiyon darussan lissafi na 1995 da ya kwatanta Japan da Amurka da Jamus. Kuma ya iso mu. Shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda hukumar JICA ta Japan ta tallafa, ya fara a Kenya a 1998, ya shigo Najeriya a 2006 da jihohin Kaduna da Neja da Filato, kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna ta zama cibiyar horonsa. Zuciyar shirin kalmomi huɗu ne: shirya, aikata, duba, gyara. Shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da ya yi aiki daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa, shi ma ya ɗora wa shugabannin makarantu shiga aji su ga darasi da shirya zaman ƙara wa juna sani a cikin makaranta. A Jamhuriyar Nijar akwai CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna ke haɗuwa kan aikin koyarwa. Mai yiwuwa ma cikin malamanki goma sha huɗu akwai wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin irin waɗannan. Matsalarmu ita ce da zarar kuɗin shiri ya ƙare sai zaman ya mutu, alhali abin da yake ci awa ɗaya ne da tabarma ko benci.

Ki raba su rukuni-rukuni, malaman aji ɗaya zuwa uku wuri guda, na huɗu zuwa shida wuri guda. Sau ɗaya a wata kowane rukuni ya shirya darasi guda tare, ɗaya ya koyar, biyu ko uku su shiga. Ki ba kowane mai kallo yara huɗu da zai bi, ya zauna kusa da su, ya rubuta abin da suka faɗa da abin da suka rubuta da lokacin da suka daina bi. Kada a ba kowa takardar ba malami maki.

Nan ne al'adarmu ke shigowa, kuma dole a yi mata tanadi. Matashiyar da ta fara aiki bara ba za ta iya buɗe baki ta ce wa Malam wane, wanda ya koyar da yayanta, darasinsa bai yi ba. Kunya ba za ta bari ba, kuma daidai ne, ba na son a karya wannan. Amma tana iya cewa, "Malam, yarinyar da ka ba ni a benci na uku ta rubuta 35, da aka kwance ɗaurin nan sai na ga ta goge ta sake." Ba ta gyara wa babba ba, labarin yarinya ta bayar, kuma labarin ya fi gyaran amfani. Don haka ki kafa ƙa'ida tun zaman farko: wanda ya koyar shi ke fara magana, ana cewa "darasinmu" tunda tare aka shirya shi, kuma duk wanda zai yi magana da abin da wani yaro ya yi zai fara. "Da ni ne da na yi kaza" a ajiye ta a waje. Darasin farko kuwa ke za ki koyar da shi, Malama, su zauna su kalli yaranki. Ranar da suka ji shugaba da bakinta ta ce ban yi zaton za su maƙale a nan ba, me kuka gani, ranar tsoro zai fara sauka.

Ki kuma raba wannan aiki da rahoton shekara rabuwa ta gaskiya, ki faɗa musu, ki cika alkawari. Maganar da ake ruwaitowa daga Sayyidina Umar, cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku, kowa a ɗakin malamanki ya san ta. Amma hisabin kai ba ya yiwuwa idan mutum ya san duk abin da ya fallasa za a ɗauka a yi masa hukunci da shi. Malamin da ya rubuta cewa rabin ajinsa ba su iya ba, ya kawo dalili, ya gwada gyara, shi ya cancanci yabo a gaban jama'a.

Sai dai kada in bar ki da zaton bita maganin komai ce. Malamar da na ba ki labari ta gano asalin 35 ne domin ita kanta ta san ɗebewa ciki da waje. Wanda in aka ba shi 1/2 a tara da 1/3 zai rubuta 2/5, ko ya kwana yana bita ba zai ga laifin yaron da ya rubuta haka ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a kan darussan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin 100 da ta gindaya ba. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi jayayya da yadda aka gudanar da abin har ta shiga yajin aiki, kuma ba hukunci nake yankewa a kan wannan rigima ba. Abin da kowane mai horar da malamai ya sani shi ne raunin sanin darasin kansa gaskiya ne a makarantunmu. Zaman shirya darasi tare yana rufa wannan asiri ta hanya mai mutunci: kafin a yi maganar yadda za a koyar, kowa ya ɗauki alli ya warware lissafin da za a ba yara, wanda ya manta ya tuna a cikin 'yan'uwansa ba tare da an nuna shi da yatsa ba.

Haka kuma akwai abin da ba laifin malami ba ne. Yara ɗari a aji, babu littafin karatu, rufi yana yoyo, albashi ya makara, rabin aji sun tafi gona da damina. Ba daidai ba ne a mai da bita hanyar ɗora wa malami nauyin da na hukuma ne. In ya rubuta irin wannan a littafinsa kada ki ce uzuri ne, ki ɗauka ki kai gaba, ga kwamitin makaranta da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Shi kuma ki tambaye shi, a cikin wannan hali, mene ne abu ɗaya da ke hannunsa. Sau da yawa akwai: sauya wa na baya wuri, zagayawa maimakon tsayuwa a allo, duba littafi goma a rana maimakon jiran ɗarin da ba za a taɓa dubawa ba.

Ɗaliban TP kuwa amana ce a hannunki, kuma a nan makarantu ke da tasirin da kwaleji ba ta da shi. Mu malaman kwaleji mukan zo 'yan lokuta ne, mu zauna darasi guda, mu ba da maki, mu wuce makaranta ta gaba. Ɗalibi ya san ranar zuwanmu, ya shirya darasin nuni da kwali mai launi. Koyarwar gwaji da muke yi musu a kwaleji, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1963, an gina ta ne a kan mutum ya koyar na 'yan mintuna, a tattauna, ya gyara, ya sake koyarwa, amma saboda yawan ɗalibai sake koyarwar ce ake yawan yankewa, alhali ita ce ran abin. Ghana da ta mai da horon malamanta digiri na shekara huɗu a 2018 ta sa ɗalibai shiga makarantu tun shekarar farko suna lura suna rubutawa. Mu namu sai can gaba suke zuwa, don haka watannin da suke wurinki suna da tsada. Kada malamin aji ya miƙa musu alli ya tafi inuwa. Ki haɗa kowane ɗalibi da malami guda, makon farko ya zauna ya bi yara huɗu kamar yadda na faɗa, in ya fara koyarwa su riƙa zama minti goma bayan darasi da littattafan yara a gabansu. In makarantarki na da aji biyu masu mataki ɗaya, ya koyar a na farko, a gyara, ya maimaita a na biyu. Wayar hannu ma tana taimako, a jingina ta a taga ta naɗi minti goma ya kalli kansa, da sharaɗin ya yarda, ba a tura wa kowa, a goge bayan an gama, saboda hoton yaran mutane ne.

Saura jami'in da zai zo daga ofis ya ce umarnin na kullum ne, ina shafin Talata da Laraba. Kada ki yi jayayya da shi a tsaye. Ki zaunar da shi, ki buɗe masa tsohon littafi mai "yara sun fahimta" shafi bayan shafi, ki buɗe masa sabon mai amsoshin yara da gyaran da aka gwada da ƙirgen da ya biyo baya, ki nemi ya ba ki zango ɗaya a kan wannan tsari, ki kuma gayyace shi zaman nazarin darasi na wata mai zuwa, ki ba shi nasa yaran huɗu ya bi.